Koma Ka Yi Sallama

Duk wanda ya zauna Gwadangaji a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Birnin Kebbi ya san Maliki. In ma bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don Maliki ba ya sassauta murya sai in an tambaye shi abin da bai sani ba. Kwas ɗin kwamfuta ya yi na sati uku a Sakkwato, a ciki ma zazzaɓi ya cinye kwana biyar, amma yana dawowa ya sa aka buga masa kati mai ɗauke da Injiniya. Mu kuwa da ba mu san ko inda ake kunna kwamfuta ba, muka karɓa hannu bibbiyu. Kada in ɗora masa laifin duka, mu ma akwai namu.

A lokacin muna da ƙungiyar manoman fadama, mambobinta tun daga Ambursa har Argungu da Augie. Ofishinmu ɗaki biyu ne jikin shagon intanet na Gbadebo, wani Bayarabe da ya fi shekara ashirin a garin, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗin ji. Wata ƙungiyar agaji mai ofis a Ibadan ta yi mana alkawarin injin ban-ruwa goma sha biyu kafin dashen albasa. Sharaɗinsu ɗaya ne. Tunda ƙungiyoyin bogi sun yi yawa, za su aiko imel zuwa adireshin ƙungiyarmu, mu kuma mu mayar da sunayen manoma daga wannan adireshin, ba daga wani ba. Don haka ne Gbadebo ya haɗa mana saba, wato kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ƙungiya tana kuma aikawa, ya jona ta da layin shagonsa.

Ana haka sai bikin ƙaninsa ya taso a Ogbomoso, tafiyar kwana goma. Kafin ya hau mota ya zaunar da Maliki gaban na'urar.

"Malam Maliki, abu biyu kawai," in ji shi. "Kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, duk wanda ya taɓa sayen irinta ya san ta, ka canza. Sannan ka kunna wurin nan, don kada wani ya aika wasiƙa ta cikinta sai ya ba da suna da kalmar sirri. Sauran saitin ka bar shi yadda yake."

"Oga, ni kake koya wa tsaro?" in ji Maliki. "Je ka ci bikinka. Kafin ka dawo ko ƙuda ba ya shiga na'urar nan sai da izinina."

Abu biyun nan bai ci minti goma ba ya gama su, kuma daidai ya yi su. Da ya tashi a nan da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai ya zauna ya dubi agogo, ya ga aikin minti goma bai kai a tara masa mutane ba. Ya gyara hula ya fara bin saitin layi-layi.

Da farko kalmar sirri. Ya goge wadda ya sa, ya ce ta yi gajarta, ya jera sunayen kakanninsa bakwai a jere ba tare da ya rubuta a takarda ba, wai takarda ita ce ƙofar ɓarawo. Ya saita cewa duk wanda ya yi kuskure sau uku, na'ura ta kulle kanta kwana uku cur. Ya share sunan shigar sakatare da na shugaba, ya bar nasa shi kaɗai. Daga nan sai ya ci karo da wurin tace wasiƙu, inda ake iya gaya wa saba irin wasiƙar da za ta karɓa da wadda za ta kora. A nan ne dabarar ta faɗo masa, har ya tashi ya zaga kujera sau biyu don daɗi.

Washegari ya sa aka kira kwamiti. Shugabanmu Alhaji Abdussamadu ya zo da babbar riga, muka jeru a benci. Maliki ya tsaya jikin na'urar ya dafa ta.

"Ranka shi daɗe, in baƙo ya faɗo maka zaure ba sallama, mi kaka ce mai?"

"In ce shi koma shi yi sallama mana," in ji Alhaji.

"To haka na koya wa na'urar ga. Duk wasiƙar da ba ta buɗe da sallama ba, ba ta mutumin kirki ba ce. Ta jefar da ita, ta mayar wa mai ita amsa."

Ya nuna mana amsar a allo, da Hausa da Turanci, da manyan baƙaƙe: KOMA KA YI SALLAMA. Wallahi tafi muka yi. Alhaji ya ce bai taɓa sanin kwamfuta na ɗaukar tarbiyya ba sai yau. Wani cikinmu ya ce ko Turawan da suka ƙera ta ba su kai tunanin nan ba, wani ya ce a ƙara wa Injiniya kujera mai juyawa. Maliki ya yi ta sunkuyar da kai irin na mai kunya, yana leƙen ko akwai wanda bai tafa ba. Kafin a watse ya ba da shawarar kada makullin ofis ya kwana hannun kowa sai shugaba, har shi kansa, don tsaro ba ya son sabo. Aka amince.

Kwana biyu ba wasiƙar da ta shigo, Maliki ya ce tsaro ke nan. Ranar Lahadi ya zagaya shagon Gbadebo ya aika wa ƙungiya wasiƙar gwaji, garin sauri ya manta da sallamar. Kafin ya tashi daga kujera amsa ta dawo masa, da manyan baƙaƙe. Ya waiga dama da hagu, ya goge ta, ya fita yana fito. Wannan bai gaya wa kowa ba sai bayan shekaru.

Ranar Litinin wasiƙar Ibadan ta iso. Wata jami'a ce mai suna Rukayat ta rubuto, ta buɗe ta yadda ake buɗe wasiƙar ofis, ta ce a aiko sunaye kafin sha biyun ranar Juma'a. Sabarmu ta jefar da ita ba wanda ya gani, ta mayar da amsarta. Ita kuwa Rukayat tana aikawa ta tafi rangadi, ta bar wa tata na'urar saƙon da ke fita da kansa ga duk wanda ya rubuto: ba na ofis, sai Alhamis. Wannan saƙon ma ba sallama a kansa. Tamu ta ce koma ka yi sallama, tasu ta ce ba na ofis. Tamu ta maimaita, tasu ta maimaita. Kamar kurame biyu da suka haɗu a bakin rijiya, kowa na faɗin nasa.

Maliki ya shigo ya tarar lambar wasiƙun da aka kora tana gudu a allo. Arba'in, ɗari uku, dubu. Fitilar na'urar na ƙyaftawa ba tsayawa, fankarta na huci. Bai tsaya duba komai ba ya fita bakin titi ya shaida wa duniya cewa ɓarayin intanet sun kawo wa ƙungiya hari, kuma yana nan yana kora su ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar 'yan kabu-kabu sun ajiye baburansu sun cika taga. Mai shayin tsallake ya matso da teburinsa. Alhaji ya zo da abokansa biyu, aka sa musu benci, duk lambar ta cika wani dubu sai a yi kabbara. Maliki na zaune a kujera mai juyawa yana danna maɓallan da ba su haɗa komai da komai ba, yana share gumi, yana cewa a matsa a ba shi iska.

Ranar Laraba Bimbo, matar Gbadebo da ke riƙe da shago, ta shigo ta ratsa mutane. Tun Litinin layinta ba ya motsi, ɗalibai masu duba sakamako sun zauna sun gaji sun tafi.

"Malam Maliki, na'urarka ta cinye mini layi."

"Maman Dayo, yaƙi ake. A lokacin yaƙi kowa haƙuri yake."

"Yaƙi da wa?"

"Ɓarayin duniya. Daga ko'ina suke zuwa."

Ta sunkuya ta dubi allon. "Daga ko'ina, amma adireshi ɗaya? Ni ban yi kwas a Sakkwato ba, amma na iya karatu."

Sai a lokacin Maliki ya karanta adireshin da kyau. Sunan ƙungiyar Ibadan ne ɓaro-ɓaro, layi bayan layi har ƙasa. A ransa ya ce, kai Maliki, ashe kwana uku masu kawo inji kake kora ana yi maka kabbara. Amma ido ya fi talatin a kansa, ga Alhaji a benci. Sai ya kife tafin hannu a kan allon ya yi dariya, ya ce ai babbar dabarar ɓarawo ke nan, ya saka rigar mutumin kirki. Jama'a suka ce ƙwarai. Bimbo ta dube shi tun daga hula har takalmi ta fita.

Ya ƙudura zai cire dokar sallamar a ɓoye da zarar mutane sun ragu. Mutane ba su ragu ba. Da aka tashi, Alhaji ya kulle ofis da hannunsa ya jefa makulli a aljihu, yana yaba wa wanda ya kawo shawarar. Ranar Alhamis kuma tun kafin a buɗe ƙofa 'yan kallo na jira, har da waɗanda suka zo daga Ambursa don su ga yaƙin da idonsu. Yana ta neman yadda zai kore su da dabara, sai aka ɗauke wuta.

Da wutar ta dawo, na'ura ta tashi ta tambayi kalmar sirri. Tun ranar da ya sa ta bai sake buga ta ba, don bai taɓa fita daga ciki ba. Ya naɗe hannun riga ya jera kakanni bakwai. Na'ura ta ce ba haka ba. Ya ce yatsansa ne ya zame, ya sake jerawa a hankali yana motsa leɓe. Ta sake cewa ba haka ba, ta ƙara da cewa saura ɗaya.

Daidai nan wayar Alhaji ta yi ƙara. Rukayat ce ta dawo ofis. Alhaji irin mutanen nan ne da ke maimaita duk abin da aka faɗa musu a waya da ƙarfi, saboda haka kowa ya ji. Wasiƙa dubu nawa? Daga wurinmu? Duk magana ɗaya? Gobe sha biyu? Ya sauke wayar ya juyo a hankali.

"Injiniya, buɗe na'urar ga ka aika sunayen mutane."

Maliki ya ce buɗewa ba wuya, sai dai akwai ɗan bincike na tarihi da ya rage. Da aka matsa shi ya faɗi gaskiya rabi: kalmar sunayen kakanninsa ce, jerin ya ɗan rikice masa, kuma ba mai warware shi sai Gwaggo Kulu, yayar mahaifinsa da ke Argungu. An nemi Gbadebo a waya ba a samu ba. Gwaggo kuwa ba ta da waya, kuma ta sha faɗin ba ta so.

Da sassafen Juma'a muka cika Fijon Alhaji, Maliki a tsakiya kamar wanda za a kai gaban alƙali. Muka tarar da Gwaggo a ƙofar gida tana yayyafa wa irin albasa ruwa a cikin kwanduna. Ita ma mambarmu ce, sunanta na uku a jerin masu samun inji, kuma saboda injin ne bana ta karɓi fili ninkin na bara a fadama. Ganin mota da manyan riguna ya sa maƙwabta suka fito. Maliki ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi ta jero masa kakanni daga ubansa zuwa sama.

Ta lissafa da yatsu: Arzika, Nomau, Riskuwa, Manu, Tunau. Ta tsaya.

"Saura biyu, Gwaggo."

"Biyu daga ina? Daga Tunau ba wanda ya san na sama, ko ubana bai sani ba."

Maliki ya yi ƙasa da murya yadda bai taɓa yi ba. "Akwai Sarkin Ruwa."

"Wa?"

"Sarkin Ruwa, Gwaggo."

Ta ajiye butar hannunta ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Sarkin Ruwa a gidanmu? Kakanka Nomau ko kwalekwale ba ya shiga sai an rufe mai ido da rawani. Ɗinkin taru munka gada, ɗana, a bakin kogin Matan Fada, daga tudu. Wa ya ba ka Sarkin Ruwa?"

Ba wanda ya ba shi. Shi ya ba kansa, don yana ganin kalmar sirrin Injiniya ba ta kamata ta tashi ba sarauta a ciki. Na bakwan ma ƙirƙira ce, yana tsammanin Gado ne, in ba Bawa ba. Inda ya cusa su cikin jerin kuwa, wannan ne ya ɓace masa. Ya faɗi haka a tsugune, kansa a ƙasa, a gaban unguwa guda. Wani tsoho ya ce in kakanni ne suka yi ƙaranci yana da guda biyu da ba ya amfani da su, a ara. Wata mata ta tambaya ko na'urar tana karɓar na wajen uwa. Alhaji bai yi dariya ba, agogonsa yake kallo. Gwaggo ta shiga gida ta ɗauko mayafi, ta ce sai ta je ta ga akwatin da ke riƙe da injinta.

Sha ɗaya da kwata muka iso Birnin Kebbi, ofis ya cika har bakin titi. Maliki ya zauna gaban allo, ya ce shi dai ya kasa tunawa. To mu ƙungiya ce, kuma abu ɗaya muka iya in magana ta rikice. Alhaji ya buɗe taro. Aka fara da Gado ko Bawa, aka ɗaga hannu, Gado ya ci da rinjaye. Aka zo kan mazaunin Sarkin Ruwa. Alhaji ya ce mai cika baki a can sama zai ɗora shi, a matsayin tushen gida. Bimbo daga bakin ƙofa ta ce a'a, mai ƙarya a tsakiya yake ɓoye ta inda ba a dubawa. Wani ya ce Bimbo ba mamba ba ce, ba ta da bakin magana. Aka yi ta ja har minti ashirin, shi mai kalmar yana zaune ana muhawara kan irin ƙaryar da ta fi kama da shi, yana gyaɗa kai ga kowane ɓangare. Aka ƙirga hannu, sama ta ci da tara da huɗu. Ni ma sama na ɗaga wa, ba zan ɓoye ba.

Maliki ya buga da yatsa ɗaya, Gwaggo na tsaye a kansa tana kiran sunayen na gaskiya, Alhaji na cika na ƙarya. Ya yi bisimilla ya danna.

Na'ura ta ce ta kulle, a dawo bayan kwana uku.

'Yan kabu-kabu suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, mai shayi ya ja teburinsa ya koma tsallake. Bimbo ta shigo ta zare wayar da ta haɗa sabar da shagonta, ta naɗe ta a hannu ta fita. Alhaji ya kira Ibadan ya yi ta roƙo, ya ce a bari a aiko sunayen daga shagon maƙwabci, ko shi ya hau mota ya kawo su da kansa. Wannan karon bai maimaita komai da ƙarfi ba, amma ɗakin ya yi tsit har muna jin muryar Rukayat. Ta ce dokar adireshi ba ita ta sa ba, kuma mai kula da na'urarsu ya riga ya toshe namu tun jiya don ya cika musu akwati.

"Alhaji, sau dubu tara na'urarku ta ce in koma in yi sallama," in ji ta. "To, assalamu alaikum. Amma injinan an ba ƙungiyar da ke bayanku."

Alhaji ya amsa sallamar, don ba yadda zai yi.

Ranar Asabar Gbadebo ya dawo. Ya saurari labarin a tsaye, ya zauna ya sake saita na'urar kafin shayin da aka kawo masa ya huce. Ya mayar da komai yadda ya zo, ya yi abu biyun nan da ya faɗa tun farko, ya rubuta kalmar sirri a takarda ya ba Alhaji ya sa a aljihu. Har yau ba wanda ya san inda Sarkin Ruwa ya zauna a jerin nan, har shi Maliki.

Kwamiti ya so ya zauna kan hukuncin da za a yi masa, sai dai duk wanda ya buɗe baki sai ya tuna da irin tafin da ya yi, ya rufe. Gwaggo Kulu ce ta raba gardama. Ta ce ita ba ta da abin faɗa, ɗan ƙaninta ne, a ba ta shi aron rani ɗaya kawai. Iri ya riga ya isa dashe, fili ta riga ta karɓa, albasa kuwa ba ta san an yi taro ba.

Haka Maliki ya koma Argungu da jakarsa. Na je na gan shi bayan sati uku a fadama, wando a naɗe har gwiwa, bokiti biyu a hannu, yana kai da kawowa tsakanin tafki da kwamin albasa. Ya rame, tafin hannunsa duk kanta, kafaɗa ta saɓule. Na tausaya masa har raina, don da gaske yake aikin, kuma ya san tsofaffi goma sha ɗaya na can wasu fadamun suna irinsa saboda shi. Da ya gan ni ya ajiye bokitan ya yi dariyar kansa, ya ce in duba Injiniya da kyau in kai labari Gwadangaji.

Amma hali ba ya barin mai shi. Muna cikin gaisawa wasu masu wucewa suka tsaya, sai na ga ya miƙe ƙirji, murya ta fara dawowa.

"Ku faɗi duk abin da za ku faɗa," in ji shi, "amma iya kwanakin da na riƙe na'urar nan, ko wasiƙar ɓarawo ɗaya ba ta shiga ba."

Gwaggo na tsugune a bakin kwami tana tura yatsa cikin ƙasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wanga layin bai sha ba," in ji ta. "Saura arba'in da biyu."

Maliki ya dubi layukan har inda suka ƙare, ya sunkuya ya ɗauki bokitansa.